Waken Gindin Gawo

A shekarar 1954 watan Maulidi ya faɗo daidai lokacin da mutanen Rijiyar Manu suka saba yin kalankuwa. Rijiyar Manu ƙaramin gari ne tsakanin Ɗanzomo da Gumel, kalankuwa kuwa ita ce babbar hidimarsa ta shekara. Idan an kai gero rumbu, an rore wake, sai a yi yini biyu ana kiɗa da kokawa, baƙi su zo daga ƙauyukan kewaye. Ba a dandali ake yi ba, a gonar wanda ya fi kowa dammunan gero a shekarar ake yi. Da zarar gari ya waye ranar wasa, duk abin da ya rage a gonar, kara ne ko harawa, ya zama na dabbobin baƙi, mai gona ba ya fitar da komai. Haka aka gada.

A wannan shekara gonar Hudu ce ta fi. Tun yana saurayi yake noman gonar ubansa, ga shi har furfura ta cika masa gemu bai taɓa samun wannan girma ba. Ranar da Sarkin Noma Barau ya zagaya ya dubi tarin dammuna ya ce, "Hudu, bana kai ne," sai Hudu ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Washegari ya aika Gumel a ɗinko masa riga.

Geron na Hudu ne, amma waken da aka shuka a tsakanin kunyoyi na matarsa Safara'u ne. Wani ɗan jan wake ne mai ƙananan ƙwaya, wanda ta zo da irinsa daga gidan uwarta, can ƙasar Damagaram bayan Maigatari, tun tana amarya. Ba ya daɗewa a tukunya, ƙosansa kuma yana tashi. Aibinsa ɗaya, ba ya nuna da wuri. Uwar ta rasu da daɗewa, ƙauyensu ya watse a wata shekarar yunwa, maƙwabtan da ta taɓa ɗiba wa kuma sun gauraya nasu da fari har ya ɓace. A bazarar da ta wuce ƙwari suka shiga tulun da take ajiyar iri. Ɗan abin da ta tsince ta shuka shi duka, ba ta bar ko ƙwaya a ɗaki ba. Inda ya fi yin kyau shi ne gindin wani babban gawo da ke yammacin gonar, domin gawo yana zubar da ganyensa da damina, rana ta sami shuka, sai kaka ta zo ya sake yin inuwa.

An fara gardamar a ƙofar dagaci bayan sallar la'asar. Dangar gidan Larai, ƙawar Safara'u, tana jingine da wurin, saboda haka su biyun suka zauna a bayanta suna tsintar gero, suna jin komai.

Malam Ishaƙ, limamin gari kuma mai makarantar allo, shi ya fara.

"Ni ban ce kada a yi ba. Na gaji da faɗin haka, tun gemuna yana baƙi nake faɗa ba a ji. Abin da na ce, ba a cikin watan da aka haifi Manzon Allah ba. Muna masallaci muna yabo, can kuma ƙattai sun tuɓe suna birgima a ƙasa. Bai kamata ba."

"Allah gafarta Malam," in ji Barau, "ai watanku ne ya zo ya same mu. Mu muna nan inda muke. Gero ba wata yake bi ba, ruwa yake bi."

"Watan ba nawa ba ne, Barau. Da nawa ne da na ɗaure shi a wuri ɗaya na huta da kai."

Aka yi dariya. Malam ya jira ta lafa, sannan ya ce a bari watan ya fita, in ya so su yi birgimarsu har su ƙoshi.

Sai Ɗanjuma, Sarkin Samari, ya nemi izini ya yi magana. "Ranka ya daɗe, in watan ya fita wa zai yi kokawar? Ni da Baba Barau? Lokacin an buɗe cinikin gyaɗa a Gagarawa Tasha, duk mai ƙarfin ɗaukar buhu ya tafi. Sauran sun tafi cin rani. 'Yan kokawar garin Sule Tankarkar ba za su tako har nan su kama tsofaffi ba."

"To a fasa bana mana," in ji wani daga unguwar masallaci.

Safara'u ta ji tarin mijinta.

Ranar ba a yanke magana ba, washegari ma haka. Abin ya fita daga ƙofar dagaci ya shiga gari. 'Yan unguwar masallaci suka ce ba za su ba da gudummawar hatsin baƙi ba. Samari suka ce su ma ba za su share harabar masallaci don Maulidi ba. A bakin rijiya mata biyu suka yi cacar baki har guga ya faɗa ciki. Da dagaci ya ga abin zai yi nisa, sai ya tara su ya ce ya raba gardama: za a yi wasan a ƙarshen mako mai zuwa, kafin watan ya tsaya.

Ba wanda ya ji daɗi. Malam Ishaƙ ya ce wannan wasa ne a bakin ƙofar watan, shi dai ba za a ga ƙafarsa ba. Ɗanjuma ya ce 'yan kokawa ba su gama cika cikinsu da sabon gero ba. Barau ya ce tun kakanni ba a taɓa yin kalankuwa kafin roron wake ba.

"Wake ai na mata ne," in ji dagaci. "A wuce wurin."

Larai ta dubi Safara'u. Safara'u ta ci gaba da tsintar geronta.

Da yamma ta kai wa Hudu ruwan alwala, ta tsaya.

"Maigida, waken bai yi ba."

"Na sani."

"Na gindin gawo ne kawai ya fara sauya launi. Shi ma yana buƙatar lokaci."

"A yanke a yi harawa, awakinki su samu. Ɗanyen kuma a dafa."

"Ɗanye ba ya zama iri."

Hudu ya wanke hannunsa a hankali. "Me kike so in yi, Safara'u? Gari ya kusa rabewa biyu, da ƙyar aka ɗinke shi. In koma in ce a warware saboda wake? Ko in ce a kai wasan gonar Gwadabe, tun da shi ke bi na?"

"Ban ce ka ba kowa ba."

Ta san shekarun da ya yi yana zama a bayan mutane a gonar wasu, yana kallon ana yi wa mai gona kirari. Ta ɗauki butar ta koma madafa.

Da safe ta tafi gona. Ta tarar da Ɗanjuma da samarinsa a gindin gawo suna auna inda za a yi da'irar kokawa, wani ma ya riga ya taka mata yaɗo. Ɗanjuma jikan yayarta ne, akwai wasa tsakaninsu.

"Amaryata," in ji shi, "kin zo duba inda angonki zai shimfiɗe ƙattin Ɗanzomo?"

"Angon da iska ke ɗauka? Bara wani ɗan yaro ya naɗe ka kamar tabarma."

"Santsi ne ya kwashe ni."

"A rairayi? Ka ce wa wancan mai ƙafar raƙumin ya sauka daga kan wakena."

Yaron ya ja da baya. Ta ja Ɗanjuma gefe ta yi masa bayani, ta ce ko za su haƙura su bi maganar Malam, a yi bayan watan.

"Kin koma unguwar masallaci ke nan, Kaka?" Ya daina dariya. "Wallahi ba zai yiwu ba. Yaran nan da kike gani, rabinsu sun riga sun ɗaure kayansu."

"To me ya sa lallai sai nan? Gonar ga ta nan har gabas."

"Inuwa. Manya ba za su zauna a rana ba. Inda manya suka zauna nan makaɗa za su tsaya, inda makaɗa suke kuma nan jama'a."

Safara'u ta dubi gabas. Karan geron da aka girbe yana kwance tuli-tuli.

"A yi musu inuwa a can. Ga kara, ga ƙarti."

"Wa zai ciyar da masu kafa rumfa?"

"Ni, amaryar taka."

Barau ya ƙi. Ya ce an sauya rana, yanzu kuma za a sauya wurin zama, gobe sai a ce a yi kokawar a zaune. Duk gonar da ke da itace, a gindinsa manya ke zama, shi ba akuya ba ne da za a sa shi a rumfar kara. Maganar ta kusa komawa ƙofar dagaci. A nan ne Hudu, wanda tun farkon rigimar bai buɗe baki ba, ya ce, "Sarkin Noma, gonar tawa ce. Ni ke shimfiɗa wa baƙo tabarma, inda na shimfiɗa kuma nan zai zauna." Barau ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba, ya ce to.

Samari suka kafa doguwar rumfa a gabas, Safara'u ta yi ta dama musu fura har hannunta ya yi tsami. Waken da ke sauran gonar ta yanke shi ta kai gida, ta san wannan ba zai zama iri ba. Na gindin gawo ta bar shi a ƙasa, domin kowane yini da zai ƙara a jikin saiwarsa riba ce. Ta saro ƙaya ta kewaye shi saboda yara masu guje-guje. Ta auna da ido daga rumfar zuwa gawon, ta ga ko an yi kaye jama'a sun watse da gudu, ba za su kai nan ba.

Ranar wasa aikin gida ya riƙe ta. Matar mai gona ce ke ciyar da manyan baƙi, tun asuba ita da Larai da wasu mata suke kan tukwane. Sai da hantsi ya ɗaga sannan suka ɗauki akusa suka nufi gona. Tun daga nesa ana jin ganguna, jama'a kuwa sun yi baƙi a gabas, kamar yadda Ɗanjuma ya faɗa.

Larai ce ta fara tsayawa. "Safara'u, dubi gawo."

Jakuna ne. Baƙin Sule Tankarkar sun yi sammako, sun iso sun ga inuwa babu kowa, ga ɗanyar harawa a ƙasa. Suka janye ƙayar gefe, suka kafa turaku. Kowane jaki ya cinye iya inda igiyarsa ta kai, ƙasa ta fito fili-fili a kewaye da shi. A kan hanya kuma ga wasu baƙin suna tafe da nasu.

Wani dattijo mai suna Cindo, wanda aka bar wa tsaron dabbobin, ya taso ya gaishe su. Da ya ji ita ce matar mai gona sai ya ƙara russunawa.

"Allah ya saka da alheri, Iya. Na daɗe ina zuwa kalankuwa, ban taɓa ganin inda aka bar wa dabbobin baƙi inuwa da ɗanyen abinci haka ba. Har da ƙaya aka sa don kada awakin gari su riga mu."

"Amin," in ji Safara'u. "Kun zo lafiya?"

Ba a ce wa baƙo ya kwance dabbarsa ranar wasa. Wanda ya yi haka, da shi da garinsu sun shiga bakin duniya. Ta sauke akushin ta ba wata yarinya ta kai rumfa, ta ɗaure zanenta, ta shiga tsakanin jakunan. Inda igiya ba ta kai ba akwai sauran yaɗo. Ta riƙa duba kwanson, wanda ya fara yin ruwan ƙwai ta tumɓuke shi da saiwarsa, wanda yake kore shar ta bar wa jakuna. Ta san in aka rataye shi da jikinsa, mai ƙwari a ciki zai iya ƙarasa nuna. Larai ta ajiye nata kayan tana naɗe mata.

Masu jakunan da ke kusa suka tsaya suna kallo. Cindo ya gyara murya.

"Iya, ba don in yi miki rashin kunya ba. Amma a garinmu, ranar wasa ba a fitar da komai daga gona. Na ɗauka nan ma haka ne."

"Nan ma haka ne, Baba. Ba fitarwa zan yi ba."

Ta ɗaga kai ta dubi inda gawon ya rabu biyu, sama da tsayin mutum biyu. Ta ce wa Larai, "Je ki kira min shi."

"Yanzu? Kin ji fa an fara yi masa kirari."

"Na ji."

Hudu ya zo cikin sabuwar rigarsa, shuɗiya mai aiki a wuya, tana ƙarar sabunta. A bayansa makaɗi yana ta kiran sunan ubansa da na kakansa, mutane suna waige suna neman inda mai gona ya shiga. Ya dubi jakunan, ya dubi ƙasar da suka share, ya dubi ɗaurin da ke gaban matarsa.

"Shi ke nan abin da ya rage?"

"Shi ke nan."

Ya gaisa da Cindo, ya tambaye shi hanya da mutanen gida. Sannan ya tuɓe rigar, ya ninke ta ya miƙa wa Larai. Ya ari igiya a wurin wani mai jaki, ya jefa ta a reshe, ya kama hawa. Gawo itace ne mai ƙaya, Hudu kuma ya daɗe da barin hawan itace. Sau biyu ƙafarsa tana zamewa. Da ya kai ya zauna a tsakanin rassan yana haki, ya sako igiyar.

Safara'u ta ɗaura na farko, ya ja. Na biyun ya yi mata nauyi, sai Cindo ya karɓa ya ɗaura da kansa.

"Wane irin wake ne wannan," in ji shi, "da mai gona zai bar kirarinsa ya hau gawo?"

"Iri ne, Baba. Babu shi a wani wuri."

"Da an faɗa mana ai da mun ɗaure a rana."

"Ba a faɗa wa baƙo haka."

"Gaskiya ne," in ji Cindo. "Ba a faɗa."

Kafin Hudu ya sauko, ya goge jinin da ƙaya ta fitar masa a dantse, ya mai da rigarsa, makaɗi ya gaji da jira ya koma kan 'yan kokawa. Hudu ya shiga rumfar ya zauna a wurinsa. Barau ya dube shi ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin kalankuwar da aka yi wa tabarma kirari ba. Hudu ya miƙa masa goro.

An yi yini biyun an tashi lafiya. Ɗanjuma ya yi kaye ɗaya, aka kayar da shi sau ɗaya, ya ce rana ce ta shiga idonsa. Malam Ishaƙ bai zo ba, amma an ga ƙaninsa a bayan jama'a ya rufe kai da mayafi. Da watan ya tsaya samari suka share harabar masallaci, aka yi Maulidi, sannan suka ɗauki kayansu suka nufi tasha. Tun kafin su tafi an fara maganar baɗi, domin watan zai ƙara matsowa gaba, kowa kuma yana da abin da yake ganin ya kamata a yi.

Waken ya zauna a kan gawo har ganyensa ya bushe ƙarau. Hudu ya sa wani maƙwabci ya sauko da shi, ya ce shi ya gama hawan itace a duniya. Safara'u ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ɓare kwanson da hannu ɗaya bayan ɗaya, ba ta yarda a sa sanda ba. Da yawa sun motse, sun yi baƙi, wasu kwanson ma babu komai a ciki. Masu cikar ta ware su gefe. Duka-duka ba su cika ƙaramar ƙwarya ba, kuma ido ba ya nuna ko suna da rai.

Ta ɗebi kaɗan ta binne a jiƙaƙƙen rairayi cikin wani fasasshen kasko, ta ajiye a bayan randa. Kullum da safe in ta zo ɗiban ruwa sai ta yayyafa masa, ta duba. Hudu bai tambaye ta ba, amma ta lura ya fara zuwa shan ruwa da kansa maimakon ya aika.

Wata safiya ta ga rairayin ya tsage. Kafin azahar kawuna sun fito a lanƙwashe, farare. Ta jira har washegari don ta tabbata. Fiye da rabi sun tsiro.

Ta raba irin gida biyu, ta zuba kowanne a ɗan gora da toka, ta liƙe bakin da laka. Ɗaya ta rataye a ɗakinta, ɗayan ta kai wa Larai.

"Ajiye min wannan a wurinki. Kada ki haɗa shi da naki."

Larai ta girgiza goran kusa da kunnenta. "In yunwa ta kama ni fa?"

"Ki zo in ba ki tuwo," in ji Safara'u.